Hawa goma a Kano: Kwari, Bank Road, Nassarawa ko Zoo Road?

Baffana ɗan kasuwar Kantin Kwari ne, ya haura shekara talatin yana harkar atamfa da shadda, kuma tunda ya fara zuwa Dubai da Gwanzu ta ƙasar China sarin kaya wani abu ya tsaya masa a rai, wai shi me ya sa Kano duk kuɗin da ke cikinta in ka hau Dala ka duba sai ka ga gari a kwance kamar an shimfiɗa tabarma, dogayen benayen ba su wuce ka ƙirga da yatsu ba. Kwanakin baya bayan isha'i ya aiko a kira ni, na tarar da shi da abokansa biyu a ƙofar gida ana shan shayi, ashe sun gama magana za su haɗa kuɗi su tayar da bene hawa goma ko sha biyu. Ya ce, "Kai da kake yawon karɓar haya a gari, faɗa mana ina ya dace a kafa shi." Na ce, "Baffa, Allah ya ƙara girma, kafin a zo kan ina, wa zai hau?" Ya ce, "Ka ji min yaro, mutane mana." Na ce to waɗanne mutanen, don mai biyan haya a hawa na tara daban, mai biya a ƙasa daban, kuma ba unguwa ɗaya suke nema ba.

Ni dai ba injiniya ba ne, aikina kula da filazoji da gidajen mutane ne, na karɓo haya, na kira mai gyaran famfo, na raba faɗan 'yan haya, amma matattakalar da na hau da rasit a hannu ta nuna min abin da zanen gini ba ya nunawa. Fara duba dogayen da muke da su. Gidan Ado Bayero na Ƙofar Nassarawa, wanda ake ce wa Investment, na gwamnati ne, da aka kafa jami'ar Northwest a 2012 ma nan aka zuba ɗalibai. Gidan Ahmadu Bello na titin Zariya hedikwatar Bankin Arewa ce a da, bankin da ya narke cikin Unity a 2006. Gidan Murtala ma'aikatu ne. Ka ga ko gwamnati ko banki, ba attajirin kasuwa a ciki. Kuma ba rashin kuɗi ba ne, tunda masu manyan kamfanonin siminti biyu na ƙasar nan, Dangote da BUA, duk 'ya'yan garin nan ne. Ibadan tun 1965 suke da Cocoa House hawa 26 da kuɗin koko, mu kuwa gyaɗarmu dala muka jera da ita jirgin ƙasa ya kwashe. Legas ruwa ne ya matse su suka tashi sama, mu ba teku ba tafki, in wuri ya yi tsada sai a matsa Ungogo ko Kumbotso a yanka sabon fuloti. Ɗan kasuwar Kano kuma lissafi gare shi, ya san kuɗi a ƙasa suke.

Shi Baffa zuciyarsa na Kwari, ko Singa, ko wajen Wapa da Ibrahim Taiwo, don nan ya sani. In maganar jama'a ce kam ba inda ya kama ƙafar wannan yankin, daga Nijar da Chadi da Kamaru ake zuwa sari, shagon ƙasa tun ana zuba dekin farko ake kawo maka kuɗinsa, wani ma na shekara biyu zai dire maka. Daga matattakala matsalar take farawa. Akwai wata filaza da nake kula da ita a yankin, ƙasa da hawa uku. Ƙasa ba a taɓa yin wata guda da shago a kulle ba. Hawa na ɗaya da ɗan dama-dama. Na biyu sito ne zalla, ba mai zama, sai dai ka ji 'yan dako suna nishi da dila a ka suna "hanya, hanya", sun goge kwanar benen har fentin ya koma baƙi. Na uku rabi teloli ne, rabi tattabaru. Kuɗin shago ɗaya na ƙasa sai ya biya uku na can sama har da canji, dalili kuwa mai saye ba ya hawa, Hajiyar da ta taso daga Damagaram da kuɗinta a jaka ba za ta je hawa na shida neman leshi ba alhali ga shi a ƙasa ana ta "Hajiya zo ki gani". To in na uku haka yake, ina ga na tara?

Sai fili. A yankin kasuwa da wuya ka samu wuri mai faɗi a hannun mutum ɗaya, yawanci tsofaffin gidajen Kwarori ne da aka mayar shaguna da gidajen gado, magada goma sha, wannan ya ce a sayar wancan ya ce sai bayan ransa. Dogon gini yana son a ja baya daga titi a bar hanyar da motar kwana-kwana za ta zagaya, a Kwari kuwa duk taku ɗaya da ka bari ba gini gani ake ka yi asara. Mun ga ruwan Agustan 2022 yadda ya shiga shaguna ya lalata kaya na maƙudan kuɗi don hanyoyin ruwa sun toshe, a ƙarshen watan kuma benen da ake kan ginawa ya rufto a titin Beirut, ga gobarar kasuwar Sabon Gari ta 2016 da har yau wasu ba su farfaɗo ba. Ka ɗora hawa goma cike da yadi, abin da wuta take lashewa kamar an zuba mata fetur, a layin da adaidaita biyu ba sa giftawa? Ni a nan iyakata hawa uku ko huɗu, matattakala biyu masu faɗi, da lif ɗin ɗaukar kaya. Kuɗi zai dawo da wuri, amma ba shi ne dogon benen da Baffa ya gano a Dubai ba.

Na biyu shi ne tsohon yankin kamfanoni, Bank Road, Post Office Road, Lagos Street inda Babban Banki yake, Niger Street, har ka fito Murtala Muhammad Way. Bayan zuwan jirgin ƙasa a 1911 aka yanka wurin don kamfanonin Turawa, shi ya sa titunan a miƙe suke, filayen manya ne masu kusurwa huɗu, kuma da yawa takardunsu tun asali na kasuwanci ne. A ido dai nan ne gidan dogon bene a Kano, ba musu. Za ka ga tsohon gini hawa ɗaya kwanonsa ya yi tsatsa yana zaune a kan filin da zai ɗauki hawa goma sha biyar, kuma ba maƙocin da zai zo ya ce kana leƙa masa iyali don ba gidajen zama ba ne.

Amma mu koma kan tambayar, wa zai hau? Bankuna galibi hedikwatarsu na Legas, reshe kawai suke so, ƙasa da hawa ɗaya, kuma yawanci nasu suke ginawa, yanzu ma da harka ta koma waya da POS ba reshe ne a gabansu ba. Saura lauyoyi, akantoci, masu inshora, kamfanonin Hajji da Umara, su kuma ɗaki biyu ko uku suke so, sai ka tara irinsu hamsin kafin ka cika gini, kowa da ranar biyansa da uzurinsa, ni na san wannan ciwon kan. Wurin da magariba ta yi ya mutu, sai masu gadi. Ta gefe ɗaya kuma Singa da Bello Road suna ta cinye shi, tirela na sauke taliya da shinkafa a tsakiyar titi, mai kwat da taye ba zai biya haya mai tsada ya yi awa guda a goslo kafin ya kai geti ba. Sannan fakin, wanda shi ne abin da masu gini a garin nan suka fi rainawa. Mota ɗaya da hanyar juyawarta tana cin murabba'in mita 25 zuwa 30, fuloti ɗari bisa ɗari kuwa bai cika mita 930 ba, wato ko bulo ɗaya ba ka ɗora ba mota talatin da 'yan kai zai ɗauka. Ofisoshin hawa goma da baƙinsu sun fi ƙarfin haka nesa ba kusa ba, dole ko ka haƙa ƙasa, ko ka bar wa motoci ƙasa da hawan farko, wato dai wurin da ya fi ko'ina kawo kuɗi. Da na faɗi haka ɗaya daga cikin abokan Baffa ajiye kofinsa ya yi.

A kan Murtala Muhammad Way ɗin ne kuma darasin takarda yake. Filin tsohon otal ɗin Daula, wata gwamnati ta bayar aka yi gini, wata ta zo a watan Yunin 2023 ta sa katafila, haka shagunan Filin Idi da ginin Filin Sukuwa. Ni ba siyasa na zo yi ba, kowa da ɓangarensa, har kotu an je. Abin da ya shafe mu shi ne dokar filaye ta 1978 a hannun gwamna ta damƙa ƙasa, kai shaidar zama ta shekara 99 kake riƙe da ita, don haka duk filin da asalinsa na jama'a ne, makaranta ko idi ko asibiti ko maƙabarta ko gefen badala, komai kyan takardar da aka nuna maka ka bar shi. Filaza hawa biyu ka iya mayar da wani abu kafin a canja gwamnati, hawa goma kuwa ginin kaɗai sai ya ci zangon mulki guda. A je KANGIS, hukumar bayanan filaye, a binciki fayil, a je KNUPDA, hukumar tsara birane, a karɓi izinin hawan da za a yi na gaskiya, ba a karɓi na huɗu a ɗora takwas ba. Benen Ikoyi mai hawa 21 da ya rushe a Nuwamban 2021 ya kashe mutum sama da arba'in, gani ga wane ai ya ishi wane.

Yanzu Nassarawa GRA, inda ni hankalina ya fi karkata, kuma zan faɗi dalili. Tsofaffin gidajen Turawa da manyan ma'aikata ne, gida ɗaya a tsakiyar fili mai girman gaske da maɗaci da darbejiya, takarda ɗaya. Abin da ake yi yanzu shi ne magada su sayar, mai saye ya sare itatuwan ya yanka ya jera dufles shida ko takwas ya sa geti ɗaya, wallahi ni takaici abin yake ba ni, don irin filin nan da zarar an yanka shi ya tafi kenan, ba mai iya sake haɗa shi. Manyan titunan kuwa, Ahmadu Bello Way, Audu Bako Way, Bompai Road, Sultan Road, tuni suka koma na kasuwanci da kansu, asibitoci, makarantu, gidajen abinci, otal-otal. Kuma a nan ne kaɗai ake samun ɗan hayar da in ka ƙara masa hawa zai ƙara maka kuɗi, wato baƙo. Wanda ya sauka a jirgi zai yi kwana uku, ma'aikacin kamfani ko na ƙungiyar agaji da aka turo wata shida, 'yan biki da suka zo daga Abuja, ɗan Kano mazaunin Ingila da ya kawo yara hutu. Shi wannan sama yake so, nesa da hayaniya da ƙarar janareta, ya buɗe labule ya hango Dala da Goron Dutse. A Kwari kuɗi na raguwa da kowane hawa, a otal ko gidan saukar baƙi mai kaya a ciki ɗakin sama ne mai tsada. Wannan bambancin shi ne gaba ɗaya maganar da na je da ita wurin Baffa.

Ba wai Nassarawan ba ta da ƙaya ba. Filin tsada gare shi ta fitar hankali, takardar yawanci ta gidan zama ce sai an nemi canji, maƙota kuma ba irin waɗanda za ka yi wa gatse ba ne, tsohon kwamishina ne, tsohon janar ne, waya ɗaya zai buga a zo a shafa maka jan fenti. In ka matsa kusa da Gidan Gwamnati ma kar ka soma, ba wanda zai bar ka ka ɗaga tagar da ke kallon ciki. Sai maganar leƙe, wadda masu zanen da suka yi karatu a waje suke mantawa da ita. A garin nan bene hawa ɗaya ma in tagarsa ta kalli tsakar gidan maƙoci sai an kai ƙara wurin mai unguwa, balle hawa takwas. Shi ya sa na ce bakin babban titi, inda maƙotanka asibiti ne da banki, ba can cikin lungun da ake zaman iyali ba, kuma a juya barandoji su kalli titi.

Ɗaya abokin nasa ya kawo shawarar a yi filat-filat a sayar wa masu iyali kamar yadda ake yi a Masar. Na ce Alhaji, a yi haƙuri, ina za a ɗaure ragon layya? Ina za a kafa tukunyar suna, ina za a yi zaman makoki, wa zai yarda a dinga daka sakwara a saman kansa a hawa na bakwai? Mai kuɗin da zai iya sayen filat ɗin gara masa ya sayi fili ya ja katanga ya yi sashen uwargida da na amarya. Ko gidajen Kwankwasiyya da Amana da Bandirawo a ƙasa aka baje su a bayan gari. Matasa ma'aikata masu mata ɗaya da yara biyu sun fara karɓar zaman filat, ina ganinsu, amma hawa biyu zuwa uku ne, kuma haya suke ba saye ba.

Zoo Road da titin Zariya su ne tsaka-tsaki. Titi mai faɗi, gadar Dangi ta sauƙaƙa shiga da fita, ga Ado Bayero Mall tun 2014, ga filin baje koli, ga asibitin Malam Aminu Kano ba nisa, ga ofisoshin 'yan fim, kuma wurin ba ya mutuwa da dare kamar Bank Road, har sha ɗaya ana cin kasuwa. Masu hawa sama a nan akwai su daidai gwargwado, likitoci masu ɗakin duba marasa lafiya, masu gwajin jini da hoto, makarantun kwamfuta, situdiyo, yaran nan masu harkar intanet. Sai dai ƙarfin aljihunsu yana da iyaka, fitar Shoprite daga mall ɗin a farkon 2024 ma ta sa masu gini sun ɗan yi tsaki. Kuma filayen bakin titin ba su da zurfi, taku kaɗan ka shiga bayansu gidajen mutane ne a cushe, ga leƙe ga rashin fakin. Hawa biyar ko shida zai zauna lafiya a Zoo Road, goma ya yi masa yawa a yanzu.

Bompai kuma wasan mai haƙuri ne. Tsofaffin masana'antu da suka mutu aka mayar da su sito, filaye ne da za ka yi fakin ɗin mota ɗari ba ka ji ba, amma takardar ta masana'anta ce, unguwar ba ta riga ta zama wurin da baƙo zai so kwana ba, kuma kana matsowa kusa da filin jirgi. Duk wanda zai ɗaga dogon abu a wannan ɓangaren, har Sabon Gari da titin Katsina da Airport Road, sai ya samu takardar izinin tsayi daga hukumar jiragen sama ta NCAA, wanda ya san yadda jirgin sama ya faɗo kan gidaje a Gwammaja a watan Mayun 2002 ba zai ce takura ba ce. Filin da ya fi kowanne kyau a tsakiyar gari kuwa shi ne na reluwe, ga shi shimfiɗe tsakanin kasuwa da GRA, amma na hukumar jirgin ƙasa ta tarayya ne, haya ake bayarwa, ba kuma wanda zai zuba kuɗin hawa goma a kan haya. Hangen Dala ne kawai ba shiga birni ba. Cikin badala kuwa ban ma tsaya ba, lunguna ne, gidajen gado ne, wani wurin tsohon kududdufi ne aka cike da shara, ga Gidan Rumfa, fadar sarki, da bai kamata wani ya tsaya a kansa yana leƙe ba. A bar cikin gari da mutuncinsa.

Duk inda aka zaɓa akwai abu uku da za su bi ka, wuta da ruwa da lif. Na taɓa maƙalewa a lif a wani gini da ba zan faɗi sunansa ba, ni da wata dattijuwa da jikarta za su ganin likita a hawa na biyar, aka ɗauke wuta, mai tayar da inji ya tafi sallar azahar da makulli a aljihu. Minti ashirin muna cikin duhu da zafi, baiwar Allah tana ta salati tana cewa "ɗan nan ka buga musu mana", ni kuma ba sabis. Bayan sati biyu lif ɗin ya lalace gaba ɗaya, aka jingina katako a ƙofarsa aka manna takarda wai a bi ta bene, ana jiran kayan gyara daga Legas, wata biyar ana jira, kafin ya zo likitan ya tashi, lauyan da ke samansa ma ya tashi. Daga hawa na biyar zuwa sama lif shi ne titinka, in ya tsaya ginin ya koma hawa huɗu. Don haka biyu ake sakawa ba ɗaya ba, da yarjejeniyar gyara a rubuce, da batirin da zai sauke mutane in an ɗauke wuta.

Wutar kuma ko kana layin Band A, wanda tun Afrilun 2024 aka ce awa 20 ne a rana aka kuma kai kuɗin naira 225 kowane yunit a lokacin, ka tuna Oktoban 2024 da Arewa ta yi sama da mako a duhu. Sola tana taimako amma rufin dogon bene ƙarami ne in ka kwatanta da ɗakunan da ke ƙarƙashinsa, ba zai ɗauki esi na hawa goma ba, sai dai ka rufe wurin fakin da faranti, wanda nan ma Nassarawa da Bompai suka fi Bank Road. Ruwan Tamburawa da Challawa ba abin dogaro ba ne a kowace unguwa, ƙasan Kano kuma dutse ne, yana da kyau ga fandisho amma bohal sai an dace, wani wurin a watan Afrilu sai ka ji famfo na tari. Mai garuwa ba zai kai maka jarka hawa na takwas ba. Kuma dan Allah a daina kwaikwayon ginin gilashi tun daga sama har ƙasa, garin da zafi ke haura digiri 40 kuma hunturu ya zo da ƙura, gilashin da ke kallon yamma murhu ne, kuɗin hayar duk a dizal zai ƙare.

Sai kuɗin ginin kansa. Siminti ya haura naira dubu goma a farkon 2024, rodi da lif da wayoyi duk dala suke bi, bashin banki kuwa a lokacin da Babban Banki ya kai ruwansa kashi 27.5 a ƙarshen 2024 ba na mai gini ba ne, balle su Baffa da ko kyauta aka ba su ba za su taɓa kuɗin ruwa ba. Da kuɗin hannu za su yi, ciniki ya yi kyau a zuba dekin, ya tsaya a dakata, shi ya sa ko'ina ka duba a gari rodi ne a tsaye a saman gini yana jiran shekara mai zuwa. Filaza tana jure wannan don ana buɗe ƙasa a fara karɓar haya, dogon bene kuwa sai an kusa gamawa yake fara kawo ko sisi.

To da aka matsa min na zaɓa, ga abin da na ce. In kuɗi ake so ya dawo da sauri, Kwari ko Singa, hawa uku, a manta da dogon bene. In sunan ake so da tsayin ko ta halin ƙaƙa, Bank Road ko Post Office Road, amma kar a haƙa rami sai an samu babban ɗan haya ɗaya, kamfani ko hukuma, da ya sa hannu zai ɗauki rabin ginin. In kuwa so ake a haɗa biyun, wanda shi na fi so, a nemi tsohon gida mai babban fili a bakin Nassarawa kan babban titi, ta ɓangaren da ya kalli kasuwa yadda ɗan sari mai kuɗi zai iya kwana ya isa Kwari cikin 'yan mintuna, a gwada ƙasa, a sa injiniya mai rajista ya zana fandisho da ginshiƙan hawa goma, a karɓi izinin goman tun farko, amma a tsaya a shida, ƙasa gidan abinci da ɗakin taro, hawa biyu ofisoshi, sauran masaukin baƙi, bayan gida fakin da sola a sama. In shidan sun cika shekara biyu a jere sai a ɗora ragowar.

Baffa ya yi shiru yana juya carbi, can ya ce, "Wato dai ɗan nan rabin abin kake so mu yi." Na ce, "Baffa ba rabi ba ne, sauran na nan a cikin ƙasa yana jiran ku." Abokinsa da ya ajiye kofi ɗazu, wanda tun da aka fara bai ce uffan ba, ya gyara zama ya ce shi duk ya ji, amma tambayarsa ɗaya ce, a jikin katangar ta bakin titi shago nawa za a iya fitarwa. Ranar Asabar dai za mu je ganin wani kango a wajen Audu Bako Way, an ce magadan su tara ne, takwas sun yarda.